Wasiƙa ga Iyaye: Yadda Ake Kwatanta Kuɗin Ilimi Tsakanin Ƙasashe

Assalamu alaikum iyayenmu da masu riƙon ɗalibai,

Gaisuwa daga makarantarku a nan Gombe. A wannan zangon ɗaliban aji biyu na babbar sakandare suna karatun kasafin kuɗi a darasin tattalin arziki, kuma za su zo muku gida da tambayoyi. Ga abin da muke koya musu, domin bakinmu ya zo ɗaya.

An saba jin cewa UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta gindaya kashi 26 cikin ɗari na kasafi ga ilimi. Amma abin da ƙasashe suka amince da shi a taron Incheon, a Koriya ta Kudu, a 2015, shi ne kashi 15 zuwa 20 na kuɗin da gwamnati ke kashewa, ko kashi 4 zuwa 6 na dukkan abin da ƙasa ke samarwa a shekara. Ma'auni biyu ne daban, kuma cakuɗa su shi ne kuskuren da aka fi yi.

Ga misalin da muke rubutawa a allo. Ƙasashe biyu, kowacce tana samar da naira 100. Gwamnatin ta farko tana tara naira 10, ta ba ilimi kashi 20, wato naira 2. Ta biyu tana tara naira 40, ta ba ilimi kashi 12 kacal, wato naira 4 da kwabo 80. A baki ta farko ce ta fi ƙoƙari, amma a kuɗin da ya isa aji, ta biyu ta ninka ta har da ɗori. Najeriya ta fi kama da ta farko wajen ƙarancin harajin da take tarawa, sannan kason ilimi a kasafin tarayya bai kai kashi 10 ba a shekarun nan.

Sai dai kasafin tarayya ba shi ne duka ba. Jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774 su ma suna kashewa, kuma albashin malaman firamare daga kason ƙananan hukumomi yake fita. Duk wanda ya ɗauki adadin Abuja kaɗai ya gwada da na wata ƙasa, ya bar babban ɓangare a baya. Dokar ilimin matakin farko na bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ware kashi 2 na asusun kuɗin shiga na gwamnatin tarayya ga ilimin matakin farko, amma jiha ba ta karɓar tallafin gine-gine sai ta ajiye kwatankwacinsa daga aljihunta. Idan ba ta ajiye ba, kuɗin na nan kwance a UBEC, hukumar tarayya mai kula da wannan tallafi, ajin kuma babu rufi.

Sai yawan bakin da za a ciyar. Kusan kashi 40 na 'yan Najeriya ba su kai shekara 15 ba. A Japan kashi 11 ne ko 12. Shi ya sa muke sa ɗalibai su raba kuɗin da adadin yara, su ga nawa ya faɗa kan yaro guda. Kuma kada a yi saurin mayar da shi dala, domin faɗuwar naira tun 2023 kan sa adadin ya ragu ko da kasafin ya ƙaru.

Abin da ya fi damunmu, mu malamai, shi ne inda kuɗin ke sauka. Kenya ta soke kuɗin firamare a 2003, yara fiye da miliyan ɗaya suka kwararo, azuzuwa suka cika maƙil. Ghana ta mayar da babbar sakandare kyauta a 2017, a shekarar da ta biyo baya dole ta raba ɗalibai gida biyu, wasu na makaranta wasu na hutu, saboda ƙarancin azuzuwa da ɗakunan kwana. Manufar mai kyau ce, gini da ɗaukar malamai ne ba su riga ta isa ba.

A taron iyaye da malamai mai zuwa za mu kafe kwafin kasafin ilimi na jiharmu. Muna roƙon ku duba abin da aka ware, sannan ku nemi abin da aka saki a zahiri, domin sau da yawa ba ɗaya ba ne. Ku kuma raba na albashi da na gini da littattafai. Wanda karatun boko ya yi masa wuya ya zo da ɗansa ko 'yarsa, an koya musu karanta jadawalin.

Wassalam,
Hukumar makaranta