Amsa Ga Mai Ɗaukar Hoton Biki: Ana Iya Ƙwace Jirginka Yana Sama?

Assalamu alaikum, ƙanena.

A taron masu sana'ar ɗaukar hoto da muka yi a nan Gombe, ka miƙe a gaban jama'a ka tambaye ni ko wani zai iya ƙwace ƙaramin jirginka maras matuƙi, wanda kuke kira duron, alhali rimot yana hannunka. Magariba ta katse mu kafin in amsa, ga cikon alkawari.

Ana iyawa, ko da yake aikin ba na kowa ba ne. Babu abin da ya haɗa hannunka da jirgin nan sai saƙon rediyo, a zangon gigahaz 2.4 ko 5.8, wato zangon da Wi-Fi na gidaje da shaguna ke amfani da shi, kuma duk mai na'urar saurare yana iya kama abin da aka saki a iska. A 2009 aka bayyana cewa mayaƙa a Iraƙi suna kallon bidiyon da jiragen Amurka samfurin Predator ke aikowa, da wata manhaja mai suna SkyGrabber wadda kuɗinta bai wuce dala 26 ba, domin ba a kulle saƙon ba.

Amma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne GPS, wato tsarin taurarin ɗan'adam da jirgin ke gane inda yake da shi. Taurarin ɗan'adam da ke aiko da siginar suna nisan fiye da kilomita 20,000, saboda haka tana isowa ƙasa da rauni ƙwarai, sannan wadda aka bar wa farar hula a buɗe take. Wanda ke kusa da kai da na'ura mai ƙarfi yana iya danne ta, ko ya aiko da ta ƙarya jirgin ya gaskata. Ka san an tsara jirginka ya koma inda ya tashi da zarar ya daina jin rimot. To, da GPS ɗin nan yake gane hanyar gida. Idan aka toshe rimot aka kuma ruɗa GPS, jirgin da kansa zai nufi wani wuri, kana tsaye kana kallo. Masu bincike na Jami'ar Texas sun gwada ruɗa jirgi ta wannan hanya a 2012, kuma ya bi su.

Gaskiya, ban ga wanda zai kashe kuɗin irin waɗannan na'urori don kamun amarya a Tudun Wada ba. Haɗarinka ya fi kusa da haka: jirage masu araha da ake tuƙawa da waya, waɗanda yawancinku ba ku taɓa sauya kalmar sirrin da suka zo da ita daga kamfani ba. Ka sauya taka, ka riƙa sabunta manhajar, kuma kada ka tashi jirgi a kan cunkoso. A ranar hawan sallah dubban wayoyi na cika zangon, kuma jirgin da ya faɗo a tsakiyar dawakai a ƙofar fada ba ƙaramin bala'i zai jawo ba.

Ka kuma nisanci filin jirgin sama na Lawanti. A Disamban 2018 rahoton ganin duron ya sa an rufe filin Gatwick a Ingila, aka soke tashin jirage kusan 1,000. Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta hana tashin duron ba tare da izininta da tantancewar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ba. Idan ba ka da takardun nan, ka fara nemansu kafin bikin da ke gabanka.

Wassalam,
Yayanka, injiniyan sadarwa, Gombe.