Zuwa ga Sani, daga Hartford

Assalamu alaikum, mutumina.

Ya Hajiya da yara? Na san ka riga ka sa sunana cikin masu yanke zumunci. Ka yi haƙuri, aiki ne da sanyi suka haɗu a kaina.

Hoton da ka turo na tsohon injin sassaƙar ƙarfen nan na garejin Baba shi ya tayar da ni. Ka dubi rubutun da ke jikinsa da kyau: Pratt & Whitney, Hartford. Garin da nake zaune ke nan, Sani! Ka tambaya ko su ne masu injin jirgin sama. To, suna dai ɗaya ne, amma labarin da tsawo.

Makanikai biyu ne, Francis Pratt da Amos Whitney, suka kafa kamfanin a 1860. Sana'arsu ƙera injinan da masana'antu ke aiki da su, har da na ƙera bindigogi lokacin yaƙin basasar Amurka. Dukansu sun rasu ba su taɓa haɗa injin jirgi ba. Sai a 1925 wani Frederick Rentschler, wanda ya bar kamfanin injin jirgi na Wright don an ƙi zuba kuɗi a irin injin da yake so, mai sanyaya kansa da iska, ya zo neman taimako. Aka ba shi dala 250,000, da wurin aiki a cikin masana'antar, da aron suna. Kafin shekarar ta fita, shi da injiniya George Mead sun haɗa injin Wasp, silinda 9 a kewaye, ƙarfin doki 425. Sojan ruwan Amurka suka sayi 200. A 1929 ya raba gari da masu gida, ya haɗe da Boeing, kuma ya tafi da sunan, da yardarsu. Kamar dai yadda ka ari babur ɗina har unguwa ta koma kiransa na Sani.

Abin da ke ɗan cin raina, yau duniya ta san ɗan aro, masu ainihin sunan kuwa sai irinsu Baba. Don Allah kada ka bari Yaya ya miƙa injin nan ga 'yan gwangwan. Na san halinsa in ya ga ƙarfe mai nauyi.

Kuma ka tuna Boeing 727 ɗin Kabo da muke hawa katanga mu kalla, mai ƙarar da ke firgita awakin Inna? Injinan nan uku na bayansa, JT8D, na masu aron sunan ne.

Wai da gaske ne Lawan zai ƙara aure? Mutumin da har yau bai biya ni kuɗin yadi ba! Ka binciko min 'yar gidan wa ce, kuma ka ce masa ba zan yi gudummawa ba sai ya kira ni da bakinsa.

A gaida Baba, a ce ya sa ni a addu'a. Yajin da Hajiya ta aiko ya ƙare tun kafin azumi.

Naka,
Habu