Kafin a ce jariri bai ƙoshi ba, a duba fitsarinsa da katin awo

Assalamu alaikum, Malam Edita. Muna roƙon ka ba mu fili mu yi magana da masu jego, da kakanni, da iyaye maza, kan tambayoyi biyu da ba a rabuwa da su a gidan haihuwa: nono nawa ke isar jariri, kuma barci nawa ya kamata ya yi.

Cikin jariri a ranar da aka haife shi bai wuce ya ɗauki mililita 5 zuwa 7 a sha ɗaya ba, wato kamar ƙaramin cokalin shayi guda. A kwana na uku ya kai kusan mililita 25, ranar suna kuma 45 zuwa 60. Saboda haka dakashin nan mai kauri, mai ruwan ɗorawa, da ke fitowa ɗiso-ɗiso a kwanakin farko, daidai yake da cikinsa. Ba gurɓataccen nono ba ne da za a matse a zubar. Shi ne rigakafinsa na farko, shi ke wanke baƙin kashin da aka haife shi da shi. A sa jariri a nono cikin sa'a ɗaya da haihuwa, domin tsotson ne ke janyo ruwan nono, wanda yakan kawo sosai a kwana na biyu zuwa na huɗu.

Daga nan, a ba shi sau 8 zuwa 12 a cikin sa'o'i 24, dare da rana. Kada a jira kuka. Idan ya fara juya kai yana buɗe baki, ko yana tsotsar hannu, lokaci ya yi. Wanda ya riga ya shiɗe da kuka da wuya yake kama nono da kyau. Kamun kuwa shi ne ginshiƙin abin: baki a buɗe sosai, haɓa ta taɓa nono, leɓen ƙasa ya juyo waje, baƙin da ke kewaye da kan nono ya shiga bakinsa. In kan nonon kaɗai ya kama, uwa za ta tsattsage, shi kuma ya daɗe yana tsotsa bai samu komai ba. A bar shi ya gama da ɓangare ɗaya kafin a juya shi, don nonon ƙarshe ya fi maiƙo, shi ke riƙe ciki.

To, da me za a gane ya ƙoshi? Da abin da ke fita. Daga kwana na biyar, ya jiƙa nafkin ko tsumma aƙalla sau shida a yini da fitsari marar duhu, kashinsa kuma ya tashi daga baƙi zuwa kore zuwa ruwan ɗorawa. Raguwar nauyi a makon farko ba abin tsoro ba ce muddin ba ta wuce kashi 10 cikin ɗari ba, kuma ya kamata ya mayar da ita kafin kwana 14. Bayan haka yakan ƙara giram 150 zuwa 200 a mako a watanni ukun farko. Yawan neman nono da magariba, ko wajen mako na uku da na shida, girma ne yake yi, ba nonon ne ya ƙafe ba.

Abin da ya fi damun mu shi ne ruwa. A watan zafi ana cewa ai tausayi ne a ɗiga masa. Kusan kashi 88 cikin ɗari na nono ruwa ne, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata shida. Ruwa yana cike ɗan cikin nan ba tare da abinci ba, jariri ya rage tsotso, nono ya ragu, sannan ga gudawa. Haka jiƙe-jiƙe da kunu da madarar shanu. Zuma kuwa a ajiye ta sai ya shekara, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jikin jariri. Uwar ita za a ba ruwa da abinci ta ƙoshi.

Inda larura ta sa dole sai madarar gwangwani, kamar maraya, ƙa'idar ita ce kimanin mililita 150 ga kowane kilo na nauyinsa a yini, bayan makon farko. Mai kilo 4 zai sha mililita 600, a raba takwas, 75 ke nan kowane sha. A tafasa ruwa, a zuba shi da sauran zafinsa, sannan garin ya biyo da cokalin da ke cikin gwangwanin, a shafe bakin cokalin, yadda aka rubuta a jikin gwangwanin. Mun san tsadarta, amma tsinka ta don ta yi auki yana jawo rama, har da jijjiga. Abin da ya rage a zubar, kuma ƙaramin kofi ya fi fida sauƙin wankewa.

Barci kuma, jaririn da bai wuce wata uku ba yakan yi sa'o'i 14 zuwa 17 a yini, daga wata huɗu zuwa goma sha ɗaya kuma 12 zuwa 16. Sai dai a gutsure yake yin sa, sa'a biyu zuwa huɗu, kuma bai san dare da rana ba sai wajen wata biyu zuwa uku. Tashin dare ba rigima ba ce, kuma shayarwar dare tana ƙara ruwan nono. Jaririn da ake yabo wai ba shi da fitina, ya fi ba mu tsoro. A makonni biyun farko, in ya kai sa'a huɗu bai farka ba, a tashe shi: a sassauta masa kaya, a shafa tafin ƙafarsa. Wanda bai kai kilo biyu da rabi ba, ko bakwaini, kada ya wuce sa'a uku.

A kwantar da shi rigingine, a shimfiɗa mai ƙarfi, babu matashi, fuska a buɗe, cikin gidan sauro mai magani. Da hunturu a sa masa hula da safa, amma ba a naɗe shi da barguna uku ba; a taɓa ƙeyarsa, in da gumi a rage. Garwashi da turaren wuta a rufaffen ɗaki suna cutar da numfashinsa.

In ya ƙi kama nono, ko aka kasa tashe shi, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko numfashinsa ya kai 60 a minti ɗaya, ko maɗigarsa ta faɗa, ko shawara ta bayyana a ranar farko ko ta sauko tafin hannu da ƙafa, a kai shi asibiti a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne, ko da ba a yi suna ba.

Daga wasu ungozomomi da ma'aikatan jinyar yara, Kano.