Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Tsara Birane da Gidaje: bashin gina gida ya fi ƙarfin mai albashi

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Ni malamin makarantar sakandare ne a nan Yamai, ɗan asalin Tawa. Shekara goma sha shida ke nan ina riƙe da alli, kuma duka a gidan haya na yi su: na zauna Bukoki, na koma Lazare, yanzu ina Talaje da iyalina. Hausawa suka ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ya sa na ga ya dace ka ji daga bakin ɗan haya yadda maganar mallakar gida take a wurinmu.

Ina da fili. Da adashe na saye shi, can bayan gari, shekara biyar da suka wuce. Bara na tattara takarduna na nufi wani banki, ina neman sefa miliyan 10 don in gina ɗaki uku da kewaye. Ma'aikacin ya karɓe ni da mutunci, ya ja kujera ya buga mini lissafi. Da kuɗin ruwa na kashi 9 cikin ɗari, a shekara 15, zan riƙa biyan kusan jika 101 kowane wata, kafin a ɗora inshora da kuɗin buɗe fayil. Ranar da zan gama, na zuba fiye da miliyan 18 ke nan. Sai ya ƙara da cewa ba za su cire fiye da sulusin albashina ba, wato dole albashin ya haura jika 300. Ranka ya daɗe, ka san abin da malami ke ɗauka. Ka kuma san cewa mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jika 42 ne tun daga 2024. In mai digiri ya kasa tsallake wannan bakin ƙofa, ina ga maigadi, ina ga direba?

Da na dawo gida na sake buga lissafin da kaina. In da ruwan kashi 5 ne, wa'adin kuma shekara 20, biyan wata zai sauko zuwa kusan jika 66. Tazarar jika 35 ce a wata, kuma ita ce tazarar da ke tsakanin mutumin da zai tsufa a ɗakinsa da wanda zai yi ritaya yana kaucewa idon mai gida.

Na san ba ofishinka ke yanka kuɗin ruwa ba. Babban bankin BCEAO da ke Dakar shi ke tsaida farashin da bankuna ke samun kuɗi a wurinsa. Ya kai shi kashi 3.5 a Disamban 2023, ya sauko da shi 3.25 a Yunin 2025. Amma wannan sassauci kafin ya iso teburin ɗan ƙasa ya narke a hanya. Bankunanmu da ajiyar ɗan gajeren lokaci suke aiki, kuɗin ɗan kasuwa da zai dawo ya ɗiba jibi, don haka suna tsoron ɗaure shi shekara ashirin. Takunkumin da aka ƙaƙaba mana daga ƙarshen Yulin 2023 zuwa Fabrairun 2024 ya ƙara sa su riƙe hannu. Duk wanda ya yi layi a ƙofar banki a watannin nan bai manta ba. Don magance wannan tsoro na ɗaure kuɗi ne aka kafa asusun yanki na CRRH-UEMOA a 2010, mai bai wa bankuna kuɗin dogon zango domin bashin gidaje, kuma don haka aka buɗe Bankin Gidaje na Nijar a 2018. Mun yi murna a lokacin. Abin da nake roƙo shi ne a fito a gaya wa jama'a: mutum nawa suka samu bashin gida ta waɗannan hanyoyi, a kan ruwa nawa, kuma albashinsu nawa ne? In adadin ya yi kyau za mu yaba. In bai yi ba, aƙalla mun san inda za a soma gyara.

Sai dai ba lissafin kaɗai ne ya maido ni gida ba. Har da takarda, kuma nan ne hannunka ya kai.

Abin da ke hannuna takardar sayarwa ce ta magajin gari, irin wadda ke cikin akwatin yawancin masu filaye a birnin nan. Banki ya ce ba zai karɓi jingina da ita ba, sai cikakkiyar takardar mallaka, titir fonsiye. Na soma bin hanyarta. Mai awon ƙasa da kuɗinsa, rajista da kuɗinta, noter mai tabbatar da takardu da nasa, ga zirga-zirga daga wannan ofis zuwa wancan a ranakun da ya kamata ina cikin aji. Wata takwas na yi, kuɗin da na tara don tushe suka soma zaizayewa, na dakata. Ban ga laifin bankin sosai ba, domin kowa a Yamai ya san labarin fili ɗaya da aka sayar wa mutum biyu ko uku, kowannensu da takarda mai hatimi. Wa zai zuba miliyoyi a kan ƙasar da gobe za a kai ta gaban alƙali? Muddin takardar fili ba ta da tabbas, ko an sauke ruwa zuwa kashi 3, talaka daga nesa zai hango shi. Na san rajistar filaye tana ƙarƙashin ma'aikatar kuɗi, amma yankan filayen daga wajenku da magadan gari yake tashi. Ku zauna tebur guda, ku buɗe ƙofa ɗaya mai farashi sananne da wa'adi sananne, inda mai takardar magajin gari zai shiga ya fito da takardar mallaka.

Akwai kuma abin da masu tsara bashi ba su cika dubawa ba: yadda muke gini a gaskiya. Ba mu sayen gida gamamme. Bana a buga bulo ɗari biyar, baɗi a zuba tushe, shekara mai zuwa a kai bango linta, sai kuɗin makarantar yara ya shigo a tsaya. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba, kuma kangayen da suka cika gefen gari shaida ne. Mutumin da ke kan wannan hanya miliyan biyu yake nema ya rufe kwano, ya bar haya, kuɗin hayar ya koma biyan bashin. In ya gama ya karɓi na daɓe da ƙofofi. Irin wannan bashi na mataki-mataki a yau sai a ƙananan asusun lamuni, waɗanda iyakar ruwan da aka tsaida musu a 2014 ta kai kashi 24, alhali ta bankuna a lokacin 15 ce. Wato wanda ya fi rauni shi ke biyan mafi tsada. Asusun gwamnati da zai tsaya wa irin waɗannan mutane zai sa bankuna su saki jiki.

Kada kuma a manta da ɗimbin ƴan'uwanmu da ba za su taɓa bashi mai ruwa ba ko da an kawo musu shi har gida, saboda tsoron riba. Mahaifina na cikinsu, kuma ni kaina zuciyata ba ta kwanta ba ranar da na shiga bankin nan. Muna da bankin Musulunci a ƙasar, malamanmu kuma sun san murabaha da ijara, wato hanyoyin saye da haya marasa kuɗin ruwa. Duk shirin gidaje da za a fito da shi, a buɗe masa wannan ƙofar tun daga farko.

Rage farashin siminti da aka yi a Oktoban 2024 mun gan shi, mun kuma gode. Mu da masana'antar siminti ta Malbaza ke jiharmu mun daɗe muna mamakin tsadarsa. Amma kuɗin fili kullum gaba yake yi, haya na binsa a baya, masu ƙaramin ƙarfi kuma ana ta tura su inda ƙasa ke da araha, wato kwari da hanyar ruwa. Abin da kogi ya yi wa Lamorde da sauran unguwannin Harobanda a 2020, da ambaliyar 2024, gidajen irin waɗannan mutane suka fi kwashewa. In ba a canza komai ba, abin da nake hangowa nan da ƴan shekaru shi ne mai kuɗi a hannu ya ƙara gida a kan gida, ɗalibaina kuma su gaji hayar da na gada.

Saura mini shekarun aiki da ba su kai wa'adin bashin da nake nema ba, kuma kowace damina tana rage su. Bulo ɗari huɗu na nan jibge a filina, ruwa ya soma cin na ƙasa. Ina roƙon ka karɓi wakilan ma'aikata da ƴan haya kafin damina ta gaba, ka ji su da kunnenka, a soma da maganar takardar mallaka.

Allah ya taya ka riƙo.

Wani malamin makaranta,
Talaje, Yamai.