Bronya ba kwana ɗaya ba ce

Ranka ya daɗe Edita,

Duk watan Disamba sai a ji mutanenmu na Zongo suna cewa Kirsimeti, wadda Asante ke kira Bronya, ranar cin kaza ce kawai. Ina neman fili in ɗan gyara wannan magana.

Kiristoci na tuna haihuwar Yesu Almasihu ne a Baitalami. Linjilar Luka ta kawo labarin makiyaya da komin dabbobin da aka kwantar da jaririn. Matiyu kuma ya kawo na masanan da suka zo daga gabas da zinariya da lubban da mur. Kyautar ce uku, littafin bai faɗi yawan masanan ba, bai kuma faɗi ranar haihuwar ba. Shaida mafi tsufa ta yin bikin ranar 25 ga Disamba daga birnin Rum take, a shekarar 336. Kibɗawan Masar da Kiristocin Habasha sai 7 ga Janairu suke nasu, don tsohon lissafinsu na kwanan wata ya bambanta.

Shirin yakan fara tun saura Lahadi huɗu. A cocin Katolika, irin su St Peter's a nan Kumasi, ana jera kyandir huɗu cikin zoben ɗanyen ganye, a riƙa ƙara kunna ɗaya kowace Lahadi. Uku ruwan shunayya ne, na mako na uku ruwan hoda, alamar murna ta kusa. Daren 24 ake babbar sujada, washegari a sake, 26 ga wata kuma hutu ne na ziyara da rabon kyauta.

Inda ake samun tangarɗa da maƙwabta shi ne nama. Kirista zai aiko da fufu ko dafa-duka, Musulmi ya karɓa don kunya, kwanon ya kwana ba a taɓa ba. Maganin mai sauƙi ne: a kira mahauci Musulmi ya yanka akuyar ko kajin, a dafa a tukunyar da ba ta taɓa naman alade ba, kada giya ta shiga girkin, sannan ɗan aiken ya faɗi wanda ya yanka. Kajin ma a saye su da wuri, don makon ƙarshe a kasuwar Kejetia sai abin da mai kaji ya ce.

Sai wuta. Bikin na faɗowa tsakiyar hunturu, komai ya bushe. 'Yar bukkar ganyen kwakwar manja da yara ke ginawa, in aka kai mata kyandir ko tartsatsin nokawut, abin wasan wutan nan mai fashewa da ƙara, nan take za ta kama. Shi ya sa 'yan sanda ke maimaita cewa an hana nokawut.

In maƙwabci ya ce "Afehyia pa", fatan shekara mai albarka yake yi. Ana amsawa da "Afe nkɔ mmɛto yɛn", wato shekara ta zagayo ta same mu.

Naka,
Wani mai karatu,
Asawase, Kumasi