Wasiƙa Zuwa Ga Babana, Kafin Ya Sa Hannu

Samaru, Zariya.

Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya kamar yadda muke nan. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka. Damina ta yi albarka bana, masarar bayan gida har mun fara gasawa.

Daren Laraba da ka kira, na bar ka kana ta magana ban ce uffan ba, har ka tambaya ko layi ne ya yanke. Bai yanke ba. Ni dai ban iya ba da shawara a waya ba, balle mahaifiyarka tana zaune gefe tana karanta fuskata. Shi ya sa na ɗauko biro. Ƙanwarka za ta ɗauki hoton takardar ta tura maka.

Ga abin da na fahimta. Ka yi kaka biyu a G League, ƙaramar gasar ƙwallon kwando da ke ƙarƙashin NBA, babbar gasar Amurka, an gama wasannin bazara na Las Vegas da kulob-kulob na NBA ke gwada 'yan wasa, babu wanda ya kira ka, shekarunka 26, gwiwar hagu kuma tana kumbura in ka yi wasa biyu a jere. Wani kulob na rukuni na biyu a Faransa ya miƙo takarda, dillalinka kuwa yana cewa ka ƙara kaka ɗaya a Amurka, wai ƙofar NBA saura ƙiris.

Shekara 31 na yi ina koyar da lissafi, don haka ka yi haƙuri, da alli zan fara. Kulob 30 ne a NBA, kowanne da 'yan wasa 15, ka ga kujera 450 ke nan ga duniya baki ɗaya. Sai 'yan kwantiragin raba ƙafa, masu yin rabi a babban kulob rabi a ƙarami, su uku-uku, wato 90. Kowane watan Yuni kuma ana zaɓo sabbin yara kusan 60, yawancinsu ba su kai ka shekaru ba. Albashin G League da aka sa a 2022 dala 40,500 ne na wajen wata biyar, ko an ɗan ƙara yanzu, haraji zai ci nasa, sauran wata bakwai kuma kai za ka ci da kanka. Na san abin da ke riƙe ku duka: kwantiragin kwana 10 da ake buɗewa ranar 5 ga Janairu, wanda kuɗinsa kaɗai ya fi na kakar G League gaba ɗaya. Amma sau biyu kawai kulob ɗaya zai ba mutum shi a kaka, daga nan ko su riƙe shi zuwa ƙarshe ko su sallame shi. Kuma galibi ba a kira sai wani ya ji rauni a sama. Wato mutum ya zauna yana jiran ƙafar ɗan'uwansa ta gurɗe. Wannan zama bai yi mini ba.

Za ka kawo mini Gabe Vincent, na sani, kullum shi kake kawowa. Gaskiya ne, ba a zaɓe shi a 2018 ba, ya yi ta fama a kulob ɗin Stockton na G League har Miami ta NBA ta ɗauke shi a Janairun 2020. Da ni da kai muka kwana ba barci ranar da Najeriya ta doke Amurka 90 da 87 a 2021, shi ya ci 21. A 2023 Lakers suka ba shi dala miliyan 33 na shekara uku. Allah ya ƙara masa. Sai dai yana da shekara 23 ƙofar ta buɗe masa.

Ni wanda ya tsaya mini a rai Andre Ingram ne. Shekara goma ya yi a ƙananan kulob, yana koya wa yara lissafi a gefe don ya riƙe iyalinsa. Ranar 10 ga Afrilu 2018, yana da shekara 32, Lakers suka sa shi a fili, ya zuba wa Houston maki 19, filin wasa ya ɗauki sowa. Ƙanwarka ta nuna mini bidiyon, sai da idona ya kawo ruwa. Da na share hawaye sai malamin lissafi ya dawo: wasa 6 ya yi a NBA duk rayuwarsa. Abin da ya sa bai wulaƙanta ba, yana da digirin kimiyyar fiziks a aljihu. Kai fa, Babana? Darasi huɗu suka rage maka ka karɓi naka digirin, shekara uku ke nan kana ce mini "bayan wannan kakar". Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da likita zai dubi gwiwar nan ya girgiza kai, ba ranar ce ta neman fom ba.

Ra'ayina, ba ɓoye-ɓoye, ka tafi Faransa. Kakarsu ta fi tsawo, albashi na wata tara ko goma, kuma za ka yi wasa sosai maimakon ɗumama benci duk lokacin da babban kulob ya turo yaronsa ya motsa jini. Kada ka ɗauka tafiyar ta rufe maka Amurka. P.J. Tucker ya zaga Isra'ila da Yukren da Jamus, ya koma NBA a 2012, ya ɗaga kofi da Milwaukee a 2021. Masu neman 'yan wasa suna da idanu a ko'ina.

Kuma ba sai mun je nesa ba. Masai Ujiri a garin nan ya tashi, a filayen da ka fara jefa ƙwallo shi ma ya jefa, a hannun Koci Oliver Johnson na ABU. Bai taɓa buga wasa ko ɗaya a NBA ba. Ƙananan kulob na Turai ya yi ta bi, daga baya ya zama mai nema wa Orlando 'yan wasa ba albashi, da kuɗin aljihunsa yake tafiye-tafiye. Abin da ya tara a yawon nan, mutane ne da sanin waye ya iya waye bai iya ba. Da shi ya riƙe ragamar kulob ɗin Denver, ya riƙe ta Toronto har suka ci kofin NBA a 2019. To ka riƙa lura da abin da ke bayan fili: yadda koci ke tsara atisaye, yadda ake karanta bidiyon abokan hamayya, wa ke riƙe da littafin kuɗi. Gida ma ƙwallon kwando ta fara motsi tun da aka buɗe gasar BAL ta kulob-kulob na Afirka a Kigali a 2021, ga Rivers Hoopers na Fatakwal sun zo na uku a 2024. Wata rana za a nemi wanda ya ga waje ya kuma san Kano Pillars.

In ka amince da tafiyar, kada ka sa hannu sai lauya wanda ba abokin dillalinka ba ya karanta. A rubuta albashi bayan an cire haraji, da ranar biya, da gida, da tikitin dawowa. A rubuta cewa in ka ji rauni a bakin aiki za su ci gaba da biya har ƙarshen kaka. A kuma sa sharaɗin kotun sasanci ta hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, wadda ake kira BAT, don in babu shi a takarda, kulob ya riƙe maka kuɗi ba za ka iya kai ƙara can ba. Ka tuna abokinka da ya dawo daga wani kulob da bashin wata uku, har yau sai alkawari yake ci. Dillalin kuma ka tambaye shi kai tsaye, shi me zai samu in ka zauna, me zai samu in ka tafi. Ka dubi idonsa lokacin da yake amsawa.

In kuwa zuciyarka ta ƙi, ka yi istihara ka ga zama ya fi, ban hana ka ba. Amma ka rubuta mini wa'adi da hannunka, wata da shekara, in ajiye cikin akwatin takardun gida.

Saura magana ɗaya, ita ce ma ta fi damuna. Ka daina turo kuɗin nan. Na san a majalisar ƙofar masallaci ana cewa ɗan Malam yana NBA, na kuma san kana jin kunyar a gane bambancin. Ni ma da laifina, don sau da yawa nakan yi murmushi in yi shiru. Daga wannan Juma'a zan riƙa gyara musu. Ragon layyar bara da ka aiko kuɗinsa, ƙanwarka ta gaya mini rance ka ci, kada ka yi mata faɗa, ni na matsa mata. Kayan aro ba ya rufe katara, Babana. Fanshona yana isar mu, gona tana nan. Abin da ka samu ka raba uku: na ci, na ajiya, na makaranta.

Mahaifiyarka ta ce in tambaye ka ko kana samun naman halal, kuma wai ka rage sa ƙanƙara a gwiwa ka riƙa gasa ta da ruwan zafi da man zogale. Na ce mata likitocinku sun fi mu sani, ta ce duk da haka in rubuta. Kilishi da yajin daddawa suna nan an ƙulle, muna jiran mai tafiya. Ka sanar da mu wace ƙasa za a aika.

Allah ya yi maka albarka, ya zaɓa maka mafi alheri.

Ni ne mahaifinka.