Zuwa ga mutumina, kan littafin Dev Anand

Assalamu alaikum mutumina,

Ya kake, ya iyali, ya aiki? Da fatan kowa lafiya, mu ma nan sai godiya. Ka yi shiru abinka ko gaisuwa babu, to ni dai bazan biye maka ba.

Littafin Dev Anand, jarumin finafinan Indiya, na gama karantawa, wanda ya rubuta tarihin rayuwarsa da kansa, Romancing with Life, kuma wallahi babu wanda zan iya damu da surutunsa sai kai. A 2007 ya fito, Firaministan Indiya na lokacin Manmohan Singh ne ya ƙaddamar dashi daidai lokacin da mutumin ya cika shekara 84. Tsoho ne tukuf ya rubuta amma in kana karantawa sai ka rantse saurayi ne ke baka labari, komai da zumuɗi, ko ina shine jarumi, duk macen da ta gifta sai ya tsaya ya siffanta maka ita. Mutumin nan yana son kansa ba kaɗan ba kuma ko kunyar nunawa baya yi.

A 1923 aka haifeshi a yankin Gurdaspur na Punjab, babansa lauya ne, yayi digirin adabin Turanci a Government College da ke Lahore, daga nan ya hau jirgin ƙasa sai Bombay da 'yan rupi kaɗan a aljihu wai shi dole sai ya zama ɗan fim. Aikin da ya samu kafin fim ɗin shi yafi bani dariya. Lokacin yaƙin duniya na biyu ne, aka ɗaukeshi a ofishin sojoji mai tace wasiƙu, wato duk wasiƙar da soja ya rubuto gida sai ya buɗe ya karanta kafin ta wuce. Yaro ɗan shekara ashirin da 'yan kai, safe da yamma yana karanta begen da mazan wasu ke yiwa matansu, kaga ai dole bakinsa ya iya kalamai.

Fim ɗinsa na farko a 1946 ne a sitidiyon Prabhat da ke Pune, can ya haɗu da Guru Dutt, kuma wai mai wanki ne ya haɗa su da ya musanya musu riguna. Suka yi alkawari in Dev ya fara shirya fim Guru Dutt ne darakta, ya kuma cika, bayan shi da yayansa Chetan sun kafa kamfanin Navketan a 1949 sai ga Baazi a 1951. Nan kam na sara masa.

Amma inda littafin yake da rai shine wajen Suraiya. Kasan lokacin ita ce babba, tana fim tana waƙa da muryarta, mutane na yin dafifi a ƙofar gidansu da ke Marine Drive don kawai su hangota, shi kuwa sabon shiga ne. Ana ɗaukar wata waƙa a cikin kwalekwale a 1948 sai kwalekwalen ya kife, ita bata iya ruwa ba, shi ya tsamota. Daga nan abu ya kankama, fim bakwai suka yi tare. Matsalar ita Musulma ce shi Hindu, ga ƙasar ba a daɗe da rabata ba a 1947, jinin da aka zubar tsakanin ɓangarorin ko bushewa bai yi ba. Kakarta ta wajen uwa wadda ita ke juya gidan tayi tsalle ta dire tace ko sama da ƙasa zasu haɗe ba za ayi ba. Tsohuwar nan har wajen shutin take binta ta samu kujera ta zauna tana kallo, ta hana waya, ta hanashi zuwa gidan, sai dai a ɓoye wasiƙa a ba wani abokin aiki ya kai. Ya sayi zoben daimon na rupi 3,000 ya aika mata, ƙarshe a teku zoben ya kwana. Da abin ya ƙare ya koma gida ya kifa kai a kafaɗar Chetan yayi ta kuka.

Ni fa ta fuskar addini banga laifin kakar ba, ni da kai mun san hukuncin, da 'yar gidanmu ce ma amsar kenan. Abin da ya tsaya min a rai daban ne. Shi a 1954 ana tsakiyar ɗaukar Taxi Driver aka tafi hutu, ya ja abokiyar fim ɗinsa Kalpana Kartik gefe aka ɗaura musu aure a asirce, suka dawo aka cigaba da aiki, suka haifi Suneil da Devina. Suraiya kuwa bata taɓa aure ba, ta bar fim tun tana da sauran ƙuruciya, ta zauna a gidan nan na bakin teku har ta rasu a 2004. Shekara uku bayan rasuwarta littafin ya fito, kaga bata da damar tace haka akayi ko ba haka ba. Ita kuma matar tasa, uwar 'ya'yansa da ta ajiye fim bayan aure, wurin da ta samu a littafin bai taka kara ya karya ba in ka gwada da na waɗanda bai aura ba.

Wadda ta samu damar maida martani ita ce Zeenat Aman. Shi ya ɗaga ta a fim ɗin da ya ɗauka a Kathmandu wanda ya fito a 1971, yana neman shekara hamsin ita tana wajen ashirin. Ya rubuta cewa ya kamu da sonta har ya shirya kaita cin abinci a otal ɗin Taj ya faɗa mata, sai suka biya wata liyafa, yana tsaye Raj Kapoor ya zo ya rungumeta a gaban jama'a, shikenan ya haɗiye maganarsa ya fice. Yadda ya tsara wajen sai kaji tausayinsa. To a 2023 matar nan ta fito a Instagram tace sam, tsakaninta da Raj Kapoor aiki ne kawai na darakta da jaruma, Dev ne ya fahimci abin a baibai, kuma da littafin ya fito ranta ya ɓaci sosai, taji an tozartata a idon duniya. Tun da naga wannan na koma ina tunanin sauran matan da ya lissafo, su nawa ne zasu ce ba haka akayi ba da an tambayesu.

Kar kace na tsaneshi fa. Lokacin dokar ta ɓaci ta Indira Gandhi, 1975 zuwa 1977, da yawa a masana'antar sun yi gum, shi ya ƙi goyon baya a fili, daga baya har jam'iyya ya kafa duk da bata je ko ina ba. Kuma finafinansa na baya-baya faɗuwa suke ta yi a kasuwa ɗaya bayan ɗaya amma ko a jikinsa, ya gama wannan ya ɗauko wancan, na ƙarshen ma a 2011 ya fito, shekarar da ya rasu a Landan yana da 88.

In ka samu littafin ka fara da babin Suraiya, ina so naji ko kai ma zaka bi bayan kakar. Ka gaida madam da yara, ka ce ina yiwa Hajiya fatan ƙarin lafiya.

Naka har kullum.